Salansar bindiga ta farko a Amurka: wacce za ka saya, kuma wace fistol za ta ɗauke ta?

Duk wanda ya taso yana shiga gidan kallo ya san sautin nan. Ɗan ta'adda ya murɗa wani dogon ƙarfe a bakin bindiga, ya harba, ka ji "fit" kamar an tsirta yawu, mai gadi na bakin ƙofa ko juyowa bai yi ba. Wannan ƙaryar 'yan fim ce, kuma ita ce ta fi jawo wa masu sayen salansa na farko cizon yatsa. Fistol mai harsashin 9mm tana fitar da ƙarar da ta kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti. Salansa mai kyau tana rage tsakanin 20 zuwa 35 daga ciki. Abin da ya saura ƙara ce har yanzu, wadda maƙwabci zai ji ta sarai. Amfaninta shi ne ta sauko da ƙarar ƙasa da desibel 140, iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta gindaya wa ƙara mai faɗowa farat ɗaya. Wato kunnenka kake saya wa kariya. Idan ka shiga shago da wannan fahimtar, ba za ka fito kana jin an cuce ka ba.

Kafin mu yi nisa, da wa nake magana? Da 'yan'uwa mazauna Amurka waɗanda doka ta ba su damar mallakar bindiga. Jihohi 42 ne suka halatta wa farar hula salansa. Kalifoniya, New York, New Jersey, Illinois, Massachusetts, Rhode Island, Delaware da Hawaii sun haramta, haka ma birnin Washington. Saboda haka mutanenmu na Bronx a New York da na Chicago a Illinois, wannan kasuwa ba taku ba ce, sai dai ku karanta don ilimi. Na Houston da Dallas da Atlanta kuwa hanya a buɗe take. Sai ka cika shekara 21 kafin dila ya sayar maka. Ɗan ƙasa da mai girin kad suna iya saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne, sai wasu 'yan togaciya da ya kamata lauya ya duba masa, ba abokin hira a majalisa ba. Wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi ko aka same shi da laifin dukan iyali ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Wanda ke karanta wannan a Kano ko Kaduna kuma, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol ɗin kanta cikin makaman da ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, balle a zo batun abin da ake ɗaura mata.

Akwai wani ɗan tarihi da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi. Wanda ya fara sayar da salansar bindiga a kasuwa, Hiram Percy Maxim, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1909. Mahaifinsa shi ne Hiram Stevens Maxim, mai bindigar Maxim ɗin nan da sojojin Ingila suka girke a gaban ganuwar Kano da filin Giginya na Sakkwato a 1903. Uba ya cika duniya da ƙara, ɗa ya zo yana neman rage ta. Kuma ɗan ya yi aikin salansar injina ma, don haka sunan da muke kiran ta babur da ta mota da shi bai ɓata hanya ba, dabarar ɗaya ce: a tare iskar da ke fita da ƙarfi, a bi da ita ɗaki-ɗaki har ta huce. A 1934 majalisar Amurka ta yi dokar makamai da ake kira NFA, ta ɗora harajin dala 200 a kan kowace salansa, a lokacin da ita kanta ba ta kai dala 10 ba. Harajin nan ya zauna a 200 sama da shekara casa'in, sai dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mayar da shi sifili daga 1 ga Janairu, 2026. Haraji ne kawai ya tafi. Rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, tana nan daram.

To, ga maganar da na zo da ita. Yawancin mutane fistol suke fara zaɓa, sannan su nemi salansar da za ta dace da ita. Ni a ganina an juya abin. Fistol kamar mota ce, in ba ta yi maka ba gobe ka kai ta shago ka musanya. Salansa kuwa aure ce mai wuyar saki. An yi mata rajista da sunanka da lambarta, kuma duk wanda zai saye ta daga hannunka sai ya sake bin layin takardu daga farko, shi ya sa ta hannu ba ta da kasuwa. Don haka tambayar farko ba "wane kamfani?" ba ce. Tambayar ita ce: wane harsashi zan riƙa harbawa da gaske, sau nawa a wata, kuma don me?

Idan amsarka ita ce koyon harbi, zuwa fili ranar Asabar, koya wa maiɗaki ko babban ɗanka riƙon bindiga ba tare da sun firgita ba, to ka sayi salansar .22 ka huta. Na san ba ita ce shawarar da samari ke son ji ba. Harsashin .22 ƙarami ne, ana yi masa kallon na yara. Amma shi ne kaɗai zai ba ka abin da ya yi kusa da wanda kake tsammani. Albarushinsa kaɗan ne, iskar da zai fitar ba ta da yawa, kuma daga gajeren bututun fistol yawancinsa ba ya kai gudun sauti. Da salansa mai kyau ƙarar tana sauka wajen desibel 115 zuwa 120, har ka riƙa jin ƙaran ƙarfen bindigar yana kai da komowa, ka kuma ji harsashin ya daki allo can gaba. Salansar tana da arha, galibi tsakanin dala 300 da 500, ba ta da nauyi, kuma kuɗin harsashi ɗaya na 9mm zai saya maka uku ko huɗu na .22. Wanda aljihunsa ke ba shi damar harba ɗari uku a zama ɗaya zai riga mai harba hamsin iya saiti.

Sai dai .22 ƙazami ne, kuma nan ne zaɓin ya tsaya. Harsashinsa dalma ce tsirara da aka shafa wa kakin zuma ko makamancinsa, tana narkewa tana liƙewa a faifan da suka raba cikin salansar ɗaki-ɗaki har ta yi nauyi ta daina aiki. Dole ne ka sayi wadda ake kwancewa a wanke. Dead Air Mask HD tana da bututun taitaniyam da faifai na ƙarfe mara tsatsa, kuma ta yi suna wajen rashin ƙara a harbin farko. Wannan harbin farkon abu ne da za ka lura da shi: iskar da ke kwance cikin salansa tana sa albarushi ya ƙara kamawa, sai na farko ya fi na bayansa ƙara. SilencerCo Sparrow tsohuwar ƙira ce mai sauƙin kwancewa, cikinta guda ɗaya ne ba faifai daban-daban ba, amma a kan fistol harbinta na farko ya fi jiyuwa. Rugged Oculus 22 ƙarfe mara tsatsa ce gaba ɗaya, kuma ana iya gajarta ta ko a tsawaita. Cikin ukun nan babu wadda za ta ba ka kunya. Abin da zan ce ka yi hattara da shi shi ne masu faifan alminiyam. Suna da sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, amma ba sa jure injin wanki mai girgiza ruwa ko magani mai ƙarfi, sai kankara da hannu, kuma ranar da ka zauna kana kankare dalma za ka gane inda rangwamen ya tafi. Ka sa safar hannu a ranar, dalma guba ce.

Fistol ɗin da za ta ɗauki salansar .22 ba ta da wahalar zaɓi, domin bututunsu a kafe yake ba ya motsi. Ruger Mark IV, musamman samfurin 22/45 mai tiredi a baki, wato zaren da ake murɗa salansa a kai, ita ce wadda akasari ake auna sauran da ita. Saitinta daidai ne, kuma maɓalli ɗaya kake dannawa ta buɗe don wanki, abin da masu tsofaffin samfuranta suka daɗe suna addu'ar samu. Taurus TX22 ta fi arha nesa ba kusa ba, tana da siffar fistol ɗin zamani, kuma an san ta da cin kusan kowane harsashi. SIG P322 tana zuwa da abin haɗa salansa a cikin akwati, gidan harsashinta na ɗaukar 20. Browning Buck Mark ma tana nan ga mai son tsohon hannu. In kuɗi ne matsala, TX22. In kana son abin da jikanka zai gada, Ruger.

Yanzu mu zo kan 9mm, inda yawancin masu tambaya hankalinsu yake, kuma inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.

Abu na farko shi ne gudun harsashi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato ƙafa 1,125 da ɗan motsi gwargwadon zafin gari. Duk harsashin da ya wuce wannan gudun yana yin wata ƙara tasa daban a iska, kamar tsinkewar bulala, kuma babu salansar da ke iya taɓa wannan, don a wajen bindiga take faruwa. Harsashin 9mm da ya fi arha a shago, mai nauyin giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ya wuce gudun sauti. Mai giren 147 shi ne ke tafiya ƙasa da shi, kuma ya fi tsada. Mutum zai kashe dala 800 a salansa, ya zuba mata giren 115, ya dawo yana cewa kayan banza ne. Ba laifin salansa ba ne.

Abu na biyu shi ne fistan. Mafi yawan fistol na 9mm, irin su Glock da SIG da CZ da FN, suna aiki ne da tsarin John Browning, inda bututun ke ja da baya kaɗan ya karkata ƙasa kafin bindigar ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. In ka rataya wa bututun nan nauyin salansa kai tsaye, ba zai iya wannan motsin ba, sai bindigar ta riƙa sarƙewa. Maganinsa wani ɗan fistan ne mai sifirin da ke gindin salansar, wanda ke sake mata nauyi na ƙiftawar ido don bututun ya yi aikinsa. Ka tambayi dila ƙarara: da fistan a cikin kuɗin nan ko daban zan saya? Sau da yawa daban ne. Idan kuma wata rana za ka ɗaura salansar a doguwar bindiga mai harsashin 9mm wadda bututunta a kafe yake, sai ka cire sifirin ɗin ka sa zoben da ke hana shi motsi, ko ka sayi mahaɗi na kai tsaye. Wani kuɗin ke nan.

Na uku tiredi, kuma wanda ya taɓa ganin bakanike ya tilasta wa noti hawa kusar da ba tasa ba ya san ƙarshen labarin. A Amurka tiredin 9mm da na .22 da aka saba shi ne 1/2x28. Wasu kamfanonin Turai suna amfani da M13.5x1, kuma hagu ake murɗa shi, ba dama ba. HK VP9 Tactical misali ce. A .45 kuma, harsashin da ya fi 9mm kauri, akwai .578x28 da M16x1 na hagu. Ni kaina na taɓa yin odar fistan ta intanet ban duba takardar bindigar ba, ya iso, na yi ta murɗawa yana ƙin kamawa, ashe bindigar ta hagu ce. Mako biyu na ƙara jira. Allah ya taimake ni ban tilasta shi ba.

Na huɗu saiti. Salansar 9mm tana da kauri, in ka ɗaga bindiga sai ta tare maka 'yan ƙusoshin saitin da aka saba. Ko dai ka sa dogayen saiti, ko ka ɗora madubin nan mai jan ɗigo. Nan ne hikimar sayen fistol ɗin da aka shirya tun daga masana'anta take. FN 509 Tactical tana zuwa da tiredi 1/2x28, da dogayen saiti, da gurbin madubi, amma kuɗinta na kusantar dala dubu. CZ P-10 C tana da samfuri mai tiredi da dogayen saiti a farashi mai sauƙi, kuma a ganina ita ce ta fi ba da ƙima ga kuɗin da aka biya. Beretta M9A4 daban take: bututunta ba ya karkata, miƙe yake ja da baya, shi ya sa dangin Beretta 92 suka yi suna wajen zama lafiya da salansa. Tana da nauyi da faɗin mariƙi, mai ƙaramin hannu ya riƙe ta tukuna kafin ya biya. Wanda kuma yake da Glock 19 a gida, ba sai ya sayi sabuwar bindiga ba. Bututu mai tiredi na Glock ya cika kasuwa, musanya shi aikin minti biyu ne. Amma ka haɗa kuɗin bututu da na dogayen saiti da ladan mai sa su, ka gani ko har yanzu arhar tana nan.

Libarba mai juyawa kuwa ka cire ta daga rai. Akwai tazara tsakanin tulun harsashi da bututu, iska da ƙara ta nan suke fita kafin su isa salansa.

A ɓangaren salansar kanta, muhawarar da aka fi yi ita ce: a sayi ta 9mm zalla, ko a sayi ta .45 wadda za ta ɗauki duka biyun? Ƙa'idar ita ce ƙaramin harsashi yana bi ta babban rami, babba ba ya bi ta ƙarami, kuma kuskure a nan fashewa ne a hannunka. Rugged Obsidian 45 da Dead Air Ghost 45M duk suna ɗaukar .45 da 9mm, kuma ana cire musu gaba su gajarce. Ribar ita ce salansa ɗaya ta yi wa bindigogi da yawa hidima. Hasarar ita ce tsawo da nauyi, da ɗan ƙarin ƙara idan 9mm ke bi ta ramin da ya fi shi faɗi. Da can, lokacin da kowace salansa ke cin dala 200 na haraji da jiran wata takwas zuwa shekara, hujjar "ɗaya tamkar da goma" tana da ƙarfi ƙwarai. Yanzu da harajin ya tafi, ta yi rauni. In ba ka da .45 kuma ba ka da niyyar saye, ka ɗauki ta 9mm kamar Obsidian 9. SilencerCo Omega 9K gajeriya ce ƙwarai kuma mai ƙarko, amma a rufe take ba a kwance ta, kuma gajarta tana da farashi a kunne: ba za ta kai dogayen rage ƙara a kan fistol ba. Ta fi haskawa a kan doguwar bindiga. SilencerCo Osprey kuma ba zagayayya ba ce, yawancin cikinta yana ƙasa da bututu, don haka ba ta cika tare saiti ba.

Shi .45 ɗin kansa yana da wata baiwa: harsashinsa da aka saba, mai giren 230, tun asali bai kai gudun sauti ba, ba sai ka nemi na musamman ba. FNX-45 Tactical da HK45 Tactical su ne sanannun masu ɗaukarsa. Amma ramin salansarsa babba ne, iska tana samun hanya, harsashin kuma da tsada. Ban ga dalilin da sabon shiga zai fara daga nan ba.

Wani zai ce to me zai hana in sayi ta 9mm in riƙa harba .22 ta cikinta, jifa ɗaya tsuntsu biyu? Za ta yi, in dai irin wadda ake kwancewa ce kuma an sa mahaɗin da ya dace. Amma za ka rataya wa 'yar ƙaramar fistol ƙarfen da ya yi mata nauyi, ga dalma tana taruwa a salansarka mai tsada. A wadda ba a kwancewa kuwa, kada ma ka fara.

Akwai abubuwan da talla ba ta faɗa. Salansa tana mayar da wani ɓangare na hayaƙi da ƙura baya, su fito ta gefen bindiga su same ka a fuska, don haka tabarau dole ne, kuma bindigarka za ta riƙa yin dauɗa da wuri. Wasu kamfanoni kamar HUXWRX suna ƙera masu fitar da iskar ta gaba don rage wannan, a farashi mai ɗan zafi. Salansa tana zafi sosai, bayan gidan harsashi biyu ko uku ba ta taɓuwa da hannu. Tana kuma sassautawa da kanta yayin harbi, in ta karkace harsashi zai daki faifan ciki. Kuma fistol ɗin da aka ɗaura wa salansa ta kusa ninka tsawonta, ba abin sawa a ƙugu ba ce. A filin harbi na cikin gini, ko da 9mm mai salansa, ni ina sa abin toshe kunne, tunda na kusa da ni ba lallai yana da tasa ba.

Batun takardu bai kai yadda ake tsoronsa ba. Za ka biya kuɗin salansa a wurin dila mai lasisin irin waɗannan kaya, ta zauna a hannunsa. A cike maka fom na 4 na ATF ta intanet, da hotonka da zanen yatsunka, a aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinka don sanarwa, a binciki tarihinka. In an amince, ka je ka ɗauka. Silencer Shop ta Texas tana da na'urorin ɗaukar zanen yatsu a shaguna da yawa, Silencer Central ta South Dakota kuma tana aiko da kaya har ƙofar gida bayan amincewa. Za a tambaye ka: da sunanka kai kaɗai, ko da sunan asusun amana, wato abin da Bature ke kira "trust"? In da sunanka ne, ba mai ikon riƙe ta ba ka wurin, ko da matarka ce. Asusun amana yana ba da damar sa wasu, amma kowanne sai ya ba da hoto da zanen yatsu. Magidancin da iyalinsa suka san lambar akwatin ajiyar bindiga ya yi tunani a kan wannan da kyau.

Abu biyu kuma da ke kai mutane kurkuku. Na ɗaya, kayan nan masu arha da ake tallatawa a intanet da sunan matatar mai ko abin tarar ruwan wanke bindiga. ATF na ɗaukar da yawansu a matsayin salansa marar rajista, hukuncinta yana kaiwa shekara 10, ga mai girin kad kuma ana iya ƙarawa da kora daga ƙasa. Na biyu, tunanin jefa ta cikin kwantena ko akwatin tafiya zuwa gida. Fitar da ita daga Amurka ba da izini ba babban laifi ne a can, shigar da ita kuma wani laifin ne a inda ta sauka. Ko a cikin Amurka, kafin ka tuƙa mota daga jiha zuwa jiha da ita, ka duba dokar inda za ka.

In ɗan'uwa ya zaunar da ni ya ce yana da kimanin dala dubu kuma bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, zan ce masa ya ɗauki Mask ko Oculus, ya haɗa da Ruger Mark IV ko TX22, canjin ya sayi harsashi da tabarau da akwatin ajiya mai makulli. In kuma ya riga yana da 9mm da yake harbawa kowane mako, kuma kunnensa ya fara yi masa ƙara da dare, to ya nemi Obsidian 9 da fistan mai tiredin da ya dace da bututunsa, da kwali biyu na giren 147. Ranar da ya karɓo ta, kafin harbin farko, ya cire gidan harsashi, ya tabbatar babu komai a ciki, ya zare bututun daga bindigar, ya murɗa salansar a kai, ya leƙa ta gindin bututun wajen haske. Ramin ya zama zagayayye sosai, a tsakiya. In ya ga gefe ɗaya ya shigo kamar jinjirin wata, ya kwance ta ya koma wurin dila.